Labarin Jirgin Ƙasa Ya Cancanci Shiga Ajin Hausa

Akwai malamai da dama da ke kallon labaran ban al'ajabi da bin sawun ɓarayi a matsayin sharholiya, wadda ba ta dace da aji ba. A ganina wannan kuskure ne, musamman idan aka dubi irin labarin da ake ginawa a cikin jirgin ƙasa.

Dogo ya iso Kano a shekarar 1911, aka kuma kai shi Nguru a 1930. Shi ya kwashi gyaɗa da fatu zuwa Ikko, ya haɗa fatake da 'yan ci-rani da almajirai a tarago ɗaya. Duk da haka, ƙagaggun labaran da gasar 1933 ta haifar, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sun fi karkata ga duniyar ayari da aljanu da fadar sarakuna. A shekarar 1934 da aka buga su, Agatha Christie ta Ingila ta fitar da Murder on the Orient Express, labarin kisan kai a jirgin da dusar ƙanƙara ta tsayar. Shi ma Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, ya kawo labarin ramuwar gayya cikin jirgi a littafinsa The Passport of Mallam Ilia na 1960. Ashe fagen namu ne, mu ne dai ba mu nome shi sosai da harshenmu ba.

Amfanin irin wannan labari ga mai koyarwa a fili yake. Jirgi rufaffen wuri ne, fasinjojinsa ƙidayayyu ne, kuma kowace tasha da lokacinta. Idan jakar wani falke ta ɓace tsakanin tasha biyu, dole mai karatu ya tambayi kansa: wa ya hau, wa ya sauka, wa ya yi ƙarya? Ta haka ɗalibi ke koyon jeranta tunani da kafa hujja, ya kuma gane jigo da zubi da tsari ba tare da haddar ma'anarsu kawai ba.

Masu suka na cewa irin waɗannan labarai na koya wa yara ta'asa. Hanzarinsu abin dubawa ne, amma maganinsa zaɓe, ba hani ba. Labarin da ya ƙare da tonon asirin macuci yana tabbatar da cewa ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ga malamin da aka tura Ɗambatta, dama ta samu. Garin bai taɓa zama a kan tsohon dogo ba, amma layin Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 an tsara ya bi ta nan, ya wuce Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Sai malami ya sa ɗalibai su tambayi dattawan da suka yi ci-rani yadda tafiyar jirgi take, sannan kowa ya ƙaga labari mai shafi biyu, mai ɓoyayyen al'amari da warwararsa.

Yaron da ya ƙagu ya ji ƙarshen labari ba sai an bi shi da bulala ya buɗe littafi ba. Wajibi ne malamin gobe ya riƙi wannan ƙaguwa a matsayin kayan aiki.