A Kwance Buhun A Gabanmu: Kukana Kan Yadda Jami'o'i Ke Sauraron Ƙorafin Ɗalibai

Ya ku 'yan uwana 'ya'yan 'yan kasuwa waɗanda iyayenmu suka baro garuruwansu suka zauna a nan Gombe da sauran garuruwan da neman abinci ya kai su. Kwana biyu kun ji ni shiru, kaka ce ta riƙe mu a kasuwa. Yau ɗin ma ba don daɗi na zauna rubutu ba, wani abu ne ya tsaya mini a maƙogwaro wata bakwai ke nan, na ga idan ban fitar da shi ba zai iya yi mini illa.

Ni dai ban yi jami'a ba, daga sakandare na wuce rumfar Baba a Tudun Hatsi. To amma akwai abin da na taso na gani a kasuwa. Idan mai saye ya dawo ya ce buhun masarar da aka sayar masa bai cika ba, babu mai ce masa "mun duba, ya cika, kama gabanka." Kwance buhun ake yi a gaban kowa, a ɗauko mudu, a kira wani dattijo wanda ba shi ya sayar ba, a auna ana ƙirgawa da ƙarfi har yaran da ke ɗinkin buhu su ji. In ya cika, mai saye ya ji kunya ya ba da haƙuri. In bai cika ba, a cika masa. Minti goma an gama. Mutanen da ke yin wannan, da yawansu ko sunansu ba su iya rubutawa da boko ba.

Yanzu ku ji yadda masu digiri uku-uku ke yin nasu.

Ƙanena yana aji biyu a wata jami'a. Ba zan faɗi sunanta ba, ba a jihar nan take ba, kuma ba ta cikin waɗanda zan ambata a ƙasa, saboda haka kada wani ya wahalar da kansa da hasashe. Gaskiya ɗaya ce, yaron ba gwani ba ne. A shekararsa ta farko ya yi wasa, har aka ba shi gargaɗin nan da suke kira furobeshin, wato ka gyara a shekara mai zuwa ko a sallame ka. Ya tsorata, ya dage, ko hutu ya zo da littafi yake zama a rumfa. Da sakamako ya fito sai ga haruffa uku a gaban wani kwas mai nauyin uku: ABS, wai bai shiga jarrabawar ba. Alhali ya shiga, ya sa hannu a takardar shiga, ya sa hannu a ta fita, ya san wanda ya zauna a damansa da wanda ya zauna a hagunsa.

Wanda bai san lissafin ba, ga shi a taƙaice. A tsarin maki biyar, A biyar ce, B huɗu, C uku, D biyu, E ɗaya, F kuma sifili. Ana ninka makin da nauyin kwas, a tara, a raba da jimillar nauyin kwasa-kwasan da ka ɗauka, abin da ya fito shi ne CGPA ɗinka. Wasu jami'o'in layinsu 1.00 ne, wasu 1.50. Tasu 1.50 ce. Ƙanena yana da maki 104 a kan nauyi 72, wato 1.44. Da an ba shi ko D ce a wannan kwas ɗin, maki shida za su ƙaru, 110 ke nan a kan 72, ya zama 1.52 da ɗoriya, ya tsallake. Na yi lissafin nan a bayan rasit ya fi sau ashirin. Kuma kada na ɓoye muku, in E ya ci ba za ta fisshe shi ba. Mai yiwuwa ne a nemo takardar a ga faɗuwa ya yi. To a nemo ta mana.

Aka sallame shi. Aka ce yana da damar ɗaukaka ƙara, ya rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban majalisar jami'a, wato Sanet, amma sai ta bi ta hannun shugaban sashe, sannan ta bi ta hannun shugaban tsangaya. To ku lura da kyau. Sakamakon nan a sashe aka haɗa shi, jami'in jarrabawa na sashen ya shigar, taron malaman sashen ya amince, taron tsangaya ya amince, Sanet ta buga hatimi. Yanzu kuma ƙorafin da ke cewa an yi kuskure zai koma ya bi ta kan teburan nan ɗaya bayan ɗaya, kowane mai tebur ya rubuta ra'ayinsa a gefe kafin ya tura gaba. Wa zai rubuta cewa a ofishinsa takarda ta ɓata? An ba kura ajiyar nama, sannan an dawo ana tambayar ta ko naman yana nan.

Sau huɗu muka je, kowace tafiya kuɗin mota ne da kwana a ɗakin abokansa. Ba a taɓa kiran sa ya zauna gaban wani kwamiti ba. Ba a tambaye shi a wane ɗaki ya rubuta ba, wa ya tsare su, wa ya gan shi. Muka ce to za mu biya kuɗin sake duba takarda, tunda akwai wannan tsarin, sai aka ce ai wanda bai shiga ba ba shi da takardar da za a sake dubawa. Muka ce a nuna mana takardar sa hannu ta ranar, aka ce wannan sirrin jami'a ne. Bayan wata bakwai amsa ta zo, layi biyu: Sanet ta zauna, ta duba, hukuncin farko yana nan. Babu dalili ko guda.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wani ɗan ajinsu da irin wannan matsalar ta samu a wani kwas ɗin daban. Shi kawunsa ya san wani babba, aka ɗaga waya, cikin mako guda aka gano takardarsa a cikin ɗaurin wani sashe. Ban ji haushin yaron ba, haƙƙinsa ne aka ba shi. Amma wannan ya nuna mini cewa ana iya nemowa in an so. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, mu kuwa da wa muke da shi? Kakana daga ƙasar Katsina ya zo, a nan aka haifi Baba, a nan Kagarawal aka yanke mini cibiya. In muka je can garin kakanni neman takardar shaidar asali sai an yi ta tambayar ɗan gidan wa ne, a nan kuma wani lokaci a tuna maka cewa kai baƙo ne. Iyayenmu sun san dillalai tun daga Dawanau har Legas, amma ba su san ko masinja ɗaya a ofishin magatakardar jami'a ba. Duk tsarin da aka gina a kan sanayya, mu ne na farko da zai bari a waje.

Akwai wani lauya da ke sayen wake a wurin Baba, shi ya zaunar da ni ya buɗe mini ido. Ya ce wannan magana tsohuwa ce. A watan Fabrairun 1983 ɗalibai sun yi tarzoma a Jami'ar Maiduguri, aka yi ɓarna, jami'a ta kafa kwamitin bincike, aka kori wasu. Shugaban kwamitin shi ne mataimakin shugaban jami'a, wanda shi kansa yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa. Yesufu Garba da 'yan uwansa suka kai ƙara, marigayi Gani Fawehinmi ya tsaya musu, har Kotun Ƙoli. A 1986 kotun ta soke korar, ta ce ba a yi musu adalci wajen sauraro ba, kuma mutum ba ya zama alƙali a shari'ar da yake da hannu a ciki. Wannan haƙƙin sauraro yana nan a sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999. Shekara kusan 40 da wannan hukunci, amma har yau ƙorafi yana komawa teburin wanda ake ƙorafi a kansa.

Sai dai lauyan bai yaudare ni ba. Ya ce idan magana ta zo kan maki da ba da digiri, kotu janye hannunta take yi. A 2005 Kotun Ƙoli ta kori ƙarar Patrick Magit, wanda Sanet ɗin Jami'ar Aikin Gona ta Makurɗi ta ƙi amincewa da kundin digirinsa na biyu. Ta ce wannan harkar cikin gida ce, alƙali ba zai zauna kujerar Sanet ba. Ni ma na yarda da wannan, don alƙali bai san ilmin kimiyya ba balle ya ba da maki. To amma ina ɗalibi zai je? Doka ta ce akwai uban jami'a da ake kira Bizita, wanda a jami'ar tarayya shugaban ƙasa ne, a ta jiha kuma gwamna. Don Allah jama'a, ɗan mai sayar da masara ne zai kai wa shugaban ƙasa ƙarar kwas mai nauyin uku? Ta wace ƙofa?

Wadda ta daure ta bi kotu har ƙarshe ita ce Rasheedat Adesina, ɗalibar Jami'ar Ilorin da aka riƙe wa sakamako bayan ta shiga gwagwarmayar ɗalibai. A 2014 Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya, ta bambanta ba da digiri da sakin sakamako, ta ce na biyun kotu na iya tilastawa. Ta yi nasara, amma bayan sama da shekara goma. Sa'o'inta sun yi bautar ƙasa, sun kama aiki, ita tana zaryar kotu. Wane uba a cikinmu zai iya ɗaukar lauya na shekara goma?

Turawan da muka kwaso tsarin Bizita daga wurinsu ma sun sauya. A Ingila da Wales dokar 2004 ta cire hannun Bizita daga ƙorafin ɗalibai, aka miƙa aikin ga wani ofishi mai zaman kansa da ake kira OIA tun daga 2005. Ɗalibi ba ya biyan ko kwabo. Su ma ba sa sake ba da maki, abin da suke dubawa shi ne ko jami'a ta bi ƙa'idarta, ko ta saurari yaro, ko ta ba shi dalili. Mu muna nan riƙe da tsohon mudun da masu shi suka ajiye.

Na san wani malamin jami'a zai karanta wannan ya ce yaro ba ka san wahalarmu ba. Na san kaɗan. Na san mutum ɗaya yana duba takardu ɗaruruwa a ɗakin da babu wuta, na san yajin aikin 2022 wata takwas ya ɗauka aka dawo ana haɗa zango biyu a guje, na kuma san akwai ɗaliban da ba su shiga jarrabawa ba suke rantsuwa da Alƙur'ani cewa sun shiga. To ai wannan hujjata ce. Inda aiki ya yi yawa dole takarda ta ɓata, inda maƙaryata suke dole a nemi shaida. Takardar sa hannu ita za ta wanke malami ta kunyata maƙaryaci. Mai gaskiya me zai sa ya ɓoye ta?

Mu ma da laifinmu, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Da labarin ya bazu a layinmu, dattawa suka yi ta zuwa jaje kamar an yi rasuwa. Wannan ya ce ƙaddara ce, wancan ya ce a nemi wani Alhaji a yi kamun ƙafa, wani ma cewa ya yi dama bokon nan ba namu ba ne, yaro ya dawo kasuwa. Babu wanda ya tambaya ko mun ajiye kwafin wasiƙar da muka kai. Kuma wallahi ba mu ajiye ba, ta farkon haka muka miƙa ta hannu da hannu, ko hatimin karɓa ba a buga mana ba. Mutanen da ba za su ba da bashin buhu ɗaya ba sai sun rubuta a littafi, su ne suka miƙa shekara biyu ta ɗansu ba rasit. Muna da ƙungiyar 'yan hatsi, muna da asusun da ake tarawa in gobara ta ci rumfar wani, amma ba mu da mutum ɗaya da aka ware wanda ya karanta littafin dokokin ɗalibai da ake raba wa yaranmu ranar rajista. A cikinsa ne ake rubuta wa'adin kai ƙorafi da wanda za a kai wa, kuma wa'adin yana wucewa muna can muna neman wanda ya san wani.

Ban ce a ba ƙanena makin da bai ci ba. Cewa na yi a kira shi ya zauna ya yi bayani da bakinsa, a ajiye takardar sa hannu a kan tebur yana kallo, wanda zai yanke hukunci ya kasance daga wata tsangayar daban, a rubuta masa dalili, kuma a sa rana, don yaron da ya jira wata bakwai ko an ba shi gaskiya ya riga ya rasa shekara. Duk wannan ba ya cin kuɗin da ya kai na shayin taron Sanet guda ɗaya.

Yanzu haka yaron yana rumfa yana ɗinkin buhu, ba ya son haɗa ido da abokansa in sun zo hutu. Lauyan ya rubuta mana sabuwar wasiƙa, abu ɗaya tak take nema, takardar sa hannu ta ranar jarrabawar. Ranar Litinin in sha Allahu zan kama motar asuba da kwafi uku, kuma ba zan bar ofishin ba sai an buga mini hatimi da kwanan wata a kan nawa. Duk wanda ɗansa ko ƙanensa ke cikin irin wannan hali, ya same ni a rumfar Baba bayan sallar Juma'a, ya taho da duk wata takarda da yake da ita, har rasit ɗin rajista.

Wassalam.
Naku, daga Kagarawal, Gombe.