FARANTIN TANGARAN DA LABARIN YAƘIN BAMA

Unguwar Nassarawa ta Kano, inda Razdan da sauran ma'aikatan Turawa suka zauna a zamanin mulkin mallaka, ba ta rasa tsofaffin kayan tangaran. Da yawa daga cikinsu sun fito ne daga gwanjon da Bature kan yi in zai koma gida, waɗansu kuwa kuku da boyi ne suka gada, daga nan suka shiga kabad ɗin mata. Sayar da irin waɗannan kaya halal ne. Abin da ke neman gyara shi ne labarin da waɗansu dillalai ke liƙa wa faranti don kuɗinsa ya ninka, watau a ce wani tsohon soja ne ya ɗauko shi daga teburin hafsan Japan a yaƙin Bama.

Labarin yana shiga kunne ne domin akwai gaskiya a gefensa. 'Yan Arewa sun yi yaƙi da Italiya a Habasha cikin 1941, sa'an nan suka shiga runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka fafata da Japan a ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, har zuwa 1945. Filin jirgin saman Kano ma zango ne na jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi a wuce da su Masar tun daga 1940. To, amma kasancewar an yi yaƙi ba ta zama shaidar cewa wannan farantin ya je fagen fama ba.

Mai saye ya kifa farantin ya duba gindinsa, domin hatimin da ke nan ya fi bakin dillali faɗin gaskiya. Alal misali, duk kofin da aka rubuta wa "Made in Occupied Japan" an yi shi ne bayan da Amurka ta mamaye Japan, kuma sai cikin 1947 aka ba da umurnin buga wannan rubutu, alhali sojojin Nijeriya sun dawo gida tun 1946. Ta yaya soja zai kwaso ganimar da ba a ƙera ba tukuna? Haka kuma "W. Germany" ba ta samu ba sai daga 1949. Faranti mai tambarin gaggafar Hitila kuwa yana bukatar dogon bayani, tun da rundunonin ƙasar nan ba su shiga Jamus ba. Idan dillali ya kauce ya ce ai daga Garwa aka samo shi, sai a tuna masa cewa Garwa ta faɗi ne a 1915, lokacin Yaƙin Duniya na Farko, shekara 18 kafin Hitila ya hau mulki.

Kayan Ingila su ma suna da nasu ma'auni. Daga 1942 gwamnatin Ingila ta hana sayar da tangaran mai ado a kasuwannin cikin gida, hanin bai kau ba sai 1952, kuma kayan cin abincin da ake yi wa hukuma yawanci farare ne masu kauri, waɗansu da harufan Sarki Joji na Shida da shekarar da aka yi su. Ko da an ga wannan, iyakar abin da ya tabbata shi ne farantin na gwamnati ne. Yana yiwuwa bai taɓa wuce ɗakin cin abincin hafsoshi a Kano ko Kaduna ba. Wanda ya san yadda runduna ta 81 ta ratsa kurmin Kaladan, kaya a ka, abinci ana jefo shi daga jirgin sama, zai yi mamakin sojan da ya sami sararin lallaɓa butar shayi har bakin teku.

Shi kansa hatimin ana ƙaga shi. Wanda aka buga kafin a shafa ruwan ƙyalli a gasa yana kwance a ƙarƙashi, farce ba ya jin sa, na jabu kuwa sau da yawa a sama yake, yana kankaruwa. Ana kuma jiƙa sabon faranti cikin shayi don tsagoginsa su yi duhu. Saboda haka hujja mafi ƙarfi ita ce silsilar hannuwan da kayan suka bi: sunan sojan, lambarsa, takardar sallamarsa, bataliyarsa, da wanda ya karɓa daga gare shi. Dillalin da ya ce mai kayan ya rasu, iyalinsa kuma ba a san inda suke ba, tangaran kaɗai yake sayarwa, a biya shi kuɗin tangaran.

Asarar ba ta tsaya ga aljihun ma'aikacin da ya zuba albashinsa ba. Mutanen da suka je Bama sun kusa ƙarewa, kuma faranti na ƙarya da ya shiga falon babban mutum, gobe shi ne ɗalibi zai ɗauki hotonsa ya sa cikin kundin digiri. Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta fi mai da hankali ga kayan da aka ƙera a ƙasar nan, don haka tangaran na waje ba shi da mai tsaro sosai.

Ya kamata Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, wadda ofishinta ke Gidan Ɗan Hausa cikin Nassarawar kanta, ta haɗa kai da ma'aikatan Gidan Makama da sashen tarihi na Jami'ar Bayero, a keɓe rana guda a wata da kowa zai iya kawo kayansa a duba masa. A kuma nemi Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji ta taimaka wajen bin gidajen iyalan 'yan Bama, a rubuta abin da ke cikin akwatunansu, lambobin yabo da takardun sallama da kwanon cin abinci na ƙarfe, tun kafin magada su kai su kasuwar Kurmi.