MUN SAUKE LITTATTAFAI, AMMA MUN SAUKE KARATU?

 Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in tattauna da 'yan'uwana matasa, musamman ɗalibai, a kan wata cuta da ta shigo mana ta aljihu, wadda ni ma ban tsira daga gare ta ba.

Ni mazaunin Bomo ne. Bokona ya tsaya a sakandare, sai ɗan abin da Allah Ya hore a Islamiyya. Abincina yana wani shagon fotokwafi a Samaru, don haka kullum ina cuɗanya da ɗaliban jami'a. Akwai ɗaya da ke haya a gidanmu, yana aji uku. Ran nan bayan isha'i muna zaune a ƙofar gida, sai ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Ɗan'uwa, duba nan." Na duba, sai ga littattafai jere sun fi 200, na fanninsa da na addini da na tarihi. Na ce masha Allah, ashe da shehi muke kwana gida ɗaya. Ya yi murmushin takaici ya ce, "Wallahi tun da na shiga jami'a ban karance ko ɗaya ba. In na buɗe, kafin in kai shafi na uku saƙo ya shigo. In ce bari in leƙa, kafin in farga awa biyu ta wuce ina kallon mutanen da ban sani ba suna zagin juna. Jarrabawa ina ci, amma ni na san ban iya ba."

Wannan magana ta hana ni barci. Ya ku 'yan'uwa, ku lura da kalmar "sauke". A da, in aka ce wane ya sauke littafi, ana nufin ya durƙusa gaban malami wata da watanni, an biya masa, ya maimaita, an yi masa gyara, har ya kai shafin ƙarshe. A yau in matashi ya ce ya sauke littafi, yana nufin ya danna waya, cikin minti ɗaya littafin ya faɗo. Kalma ɗaya ce, amma tsakanin saukewar jiya da ta yau akwai tafiya mai nisa. Mun tara littattafai kamar rumbu, cikinmu kuma babu ko loma.

Abin kunyar shi ne a Zariya wannan ke faruwa. Tun kafin zuwan Bature, almajirai ke niƙo gari zuwa zaurukan Kona da Juma neman ilimi. Daga Zariya aka shirya gasar rubutu ta 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Bello Kagara. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, dattawa kuma suna ba mu labarin yadda mutum ɗaya ke karantawa jama'a su kewaye shi suna saurare. A 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a tsakiyarta, daga Bomo ko a ƙafa mutum ya je. Iyayenmu sun yi karatu da aci-balbal da littafin aro. Mu ga fitila a waya, ga littafi kyauta, karatun ne babu.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce waya haramun ce ba, ni ma da ita na rubuta wannan. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001 talaka ya samu sauƙi mai yawa. Littafin da kuɗinsa ya fi ƙarfin ɗan manomi yau yana iya samunsa. Karatuttukan malamai suna isa ga matan da ke cikin gida. Marubutan Hausa ma da dama a WhatsApp suke samun masu karatu. Ni'ima ce, amma ni'imar da ba a yi mata linzami ba takan koma fitina.

Mu tambayi kanmu: me ya sa Facebook da TikTok ba su karɓar kuɗin shiga? Saboda da talla suke cin abinci, mai talla kuwa idonka yake saya. Iya daɗewarka a kan allon waya, iya ribarsu. Shi ya sa manhajar ke lura da abin da ka tsaya a kansa, ta ƙaro maka irinsa, ko da gulma ce ko batsa, wal'iyazu billah. Littafi yana da bangon ƙarshe. Su kuwa an gina su ne ba su da gindi, kana ja yana zuwa har asuba. Kai kana zaton kana karanta waya, alhali ita ke karanta ka. Ga kuɗin data a kai, wanda hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince a ƙara masa har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Kuɗin da uba ya sayar da buhun masara ya aiko, wani kaso nasa a kallon shirme yake ƙarewa.

Mun saba cewa lokaci ne babu. To, a 2022 jami'o'in gwamnati sun yi wata takwas a rufe saboda yajin aikin malamai, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Kowane ɗalibi ya dafa ƙirjinsa: littafi nawa ya ƙare a wata takwas ɗin? Ashe haƙuri ne ya ƙare, ba lokaci ba.

A ƙarshen 2022 ɗin ne kuma ChatGPT ya fito, wato ƙirƙirarriyar basira. A shagonmu ina ganin ayyukan gida da ake kawowa a buga, Turanci tsaf, amma in ka tambayi mai aikin ma'anar sakin layi ɗaya sai ya fara sosa ƙeya. Wannan na'ura takan ƙago sunan littafi ko marubucin da babu shi, ta faɗa da cikakken ƙarfin hali. Mu da aka koya mana a Islamiyya cewa ba a karɓar hadisi sai an san isnadinsa, kuma aya ta 6 a Suratul Hujurat ta umurce mu da bin diddigin labari, yaya za mu riƙa tura duk abin da ya faɗo waya ba mu san tushensa ba? Gobe waɗannan ɗalibai su ne likitocinmu da malaman 'ya'yanmu da masu gina mana gadoji. Wa zai yarda a yi wa mahaifiyarsa tiyata da ilimin taƙaitawa?

Su kansu ƙasashen da suka riga mu shiga wannan harka sun fara ja da baya. Faransa ta hana yara riƙe waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare tun 2018. Ostireliya ta yi doka a 2024 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a kafofin sada zumunta. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Maganin yana gidanmu, shi ne tsarin zaure. Na farko, littafi ɗaya a lokaci ɗaya, domin taura biyu ba ta taunuwa. Na biyu, a ware lokaci, ko da rabin awa ne bayan asuba, a kashe data, a aje wayar nesa da hannu. Na uku, a karanta da biro da takarda, abin da aka fahimta a rubuta shi da kalmomin kai. Na huɗu, a samu wanda za a biya wa, malami ko aboki, wanda zai tambaye ka ya kama ka in ka yi tsallake. Na biyar, duk saƙon da ba ka san daga inda ya fito ba, ya mutu a hannunka.

Ni da ɗan hayar gidanmu mun soma. Kullum shafi goma, bayan isha'i ya biya mini in biya masa. Ran farko hannuna sau huɗu yana kai wa aljihu. Yanzu mun wuce rabi, kuma insha Allahu in mun kai bangon ƙarshe, sai mun yi 'yar walima ko da ta ƙosai ce, domin wannan ita ce sauka.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa wa lokacinmu albarka. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Daga ɗan'uwanku a Bomo, Zariya.