Wa Zai Biya Kuɗin Shekara ta Biyu?

A 2012 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso a Kano ta tura ɗalibai 501 ƙasashen waje su yo digiri na biyu. Daga nan lissafi ya canja a ƙasar Rano da Kibiya. Karatun waje da a da sai ɗan sarki ko ɗan attajiri, ya zama abin da ɗan manomin Rurum ko Tarai zai sa wa rai in ya fito da sakamako mai daraja ta ɗaya. Yau an haura shekara goma, ya kamata mu duba yadda muke shirya yaran nan.

Wajen sallama dai ba a bar mu a baya ba. A yi saukar Alƙur'ani, iyaye mata su daka yaji da kuka da daddawa, a shiga Ƙofar Wambai a zaɓo rigar sanyi, a zaga dangi ban kwana kowa ya sa albarka. Duk wannan daidai ne. Sai dai shirin ranar tashi ne kawai, alhali abin da ke kayar da ɗalibi yakan zo ne bayan an manta da walimar.

Tun kafin a je ko'ina, batun suna ne kan fara ba da wahala. Yaronmu yakan shiga sakandare a liƙa masa sunan garinsu, sai takardar WAEC ta fito da Rano ko Kibiya a ƙarshe, katin ɗan ƙasa kuma ya zo da sunan kakansa. Ranar haihuwa kuwa, wadda hedimasta ya ga dama ita ce. Ofishin fasfo ba ya karɓar "ai duk ni ne", balle ofishin jakadanci. Gyaran na buƙatar rantsuwar kotu da zirga-zirga zuwa Kano, kuma ba aikin mako guda ba ne. A fara shi tun yaro yana ajin ƙarshe a jami'a.

Babbar maganar ita ce kuɗi, kuma ita muka fi jin nauyin tayarwa. Uba ya ji an ce gwamnati ta ɗauki nauyin ɗansa, sai ya ce Allah ya saka da alheri, ya koma gida. Wa zai iya kallon jami'i ya ce, "Ranka ya daɗe, na shekara nawa aka biya?" To ga abin da ya sami 'yan Kano da aka kai Jami'ar Near East a arewacin Saifurus, da yawansu masu karatun likita. Gwamnati ta canja hannu a 2015, bashin kuɗin makaranta ya taru, yara suka gama karatu jami'a ta riƙe takardunsu. Likitan da ba shi da shaida ba zai yi rajista ba, ba zai taɓa mara lafiya ba. Haka suka zauna shekaru, sai a 2025 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta biya sama da naira biliyan biyu aka sako takardun. 'Yan siyasa na nan suna nuna wa juna yatsa, wannan nasu ne. Abin da ya shafi uba shi ne, karatun likita ya fi wa'adin gwamna tsawo. Don haka a nemi ganin takardar ɗaukar nauyin, a san ko kuɗin duka aka zuba ko na zango-zango ne, a san wanda ya sa hannu.

Masu tura 'ya'yansu da aljihunsu ma ba su tsira ba. Kafin tsakiyar Yunin 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba. A watan Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayar da gonar fadama ko shanun huɗa bisa lissafin shekara huɗu, ya wayi gari kuɗin ba su kai rabin hanya ba. Makarantar waje da dala take lissafi, mu kuwa masara da shinkafarmu da naira ake saye.

Sudan kuma tsohuwar hanya ce. Tun shekarun 1950 su Malam Abubakar Gumi suka je karatu makarantar Bakhtur Ruda, shi ya sa iyaye ke jin Khartum kamar gidan kawu. A ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke, aka kwaso ɗalibanmu a motoci ta hamada zuwa iyakar Masar, suka kwana da kwanaki kafin a bar su su tsallaka. An dawo da rai, alhamdu lillahi. Amma da aka zo neman gurbi a jami'o'in gida, tambayar farko ita ce ina sakamakon shekarun da aka yi, sakamakon kuwa yana ofishin da ba mai iya shiga. Ɗalibi ya riƙa karɓar sakamakon kowane zango da hatimin makaranta, ya ɗauki hotonsa ya turo gida a ajiye.

Sai kuma a tabbata takardar za ta ci a Najeriya. A ƙarshen 2023 ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida. A Janairun 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo baki ɗaya, har da na waɗanda suka zauna aji suka yi karatun gaske. Kafin a biya ko kwabo ga dillalin da ya zo da takarda mai sheƙi da hoton dogayen gine-gine, a kai sunan makarantar ma'aikatar a tambaya. In kuma likitanci ne, a sani jarrabawar hukumar likitoci ta ƙasa na jiran yaron in ya dawo.