Mu Koya Musu, Su Rubuta da Kansu

Ranar Juma'a a bakin masallaci na ji wani makaho yana rera Imfiraji. Na tambayi abokaina uku ko sun san mai waƙar. Ɗaya ya ce, "Ai waƙar bara ce kawai." Alhali Malam Aliyu Namangi na Zariya ne ya tsara ta, shi ma makaho, ya rasu a 1990. Shi dai an rubuta waƙoƙinsa, an buga su littafi. To, kurman da ke zane a unguwarku fa, ko gurguwar da ke tsara wasan kwaikwayo? Nemi sunansu a intanet ka gani. Shiru kake ji.

Shi ya sa nake kira ga ƙungiyar ɗalibai ta buɗe rajistar masu sa kai, waɗanda za su koya wa marubuta masu buƙata ta musamman yadda ake sa tarihin mawaƙansu da masu zanensu a Wikipedia ta Hausa. Awa biyu ranar Asabar ta isa. Aikin ba wuya: buɗe asusu, fara muƙala, kawo madogara daga jarida ko littafi don kada a goge ta, sannan ɗora hoto da izinin wanda ya ɗauka. Makaho na iya aiki da TalkBack a wayar Android, ko NVDA a kwamfuta, wadda kyauta ce.

Wani zai ce, "Mu rubuta musu mana, ai ya fi sauri." Nan ne ban yarda ba. In mu muka rubuta, tausayi za mu zuba: "duk da lalurarsa". Su kuwa aikin za su duba, wa ya koya wa mawaƙin, wane kari yake bi, wace waƙa ce ta yi fice. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na san akwai jarrabawa, ga furojet, ga tsadar data. Ni ma ina ciki, watanni kaɗan suka rage mini. Amma ɗakin kwamfuta da ke ƙasa, wanda ba sai an hau bene ba, shugabanninmu za su iya roƙo mana shi. Ɗan Kimiyyar Kwamfuta ya zo, 'yar Aikin Jarida ta zo, wanda ya iya maganar hannu shi muka fi nema. In an buɗe rajistar, a fara da sunana.