SIFILI DAGA HINDU YA ZO: RADDI GA MASU ƘYAMAR HISABI

  

Wata shubuha tana yawo a tsakanin wasu matasanmu a nan Mandera da ƙauyukan da ke kewaye, wai ilmin lissafi kayan Nasara ne, wai ɗalibin addini ba shi da buƙatarsa. Da aka gaya musu cewa Turawa ma aro suka yi, asalin waɗannan lambobi ƙasar Hindu ne, sai suka ce ai abin ya ƙara muni, tunda daga masu bautar gumaka ya fito. Subhanallahi! To, mai wannan magana ya buɗe Mus'hafin da ke hannunsa, bugun Masar ko na Madina, ya dubi lambobin da ke ƙarshen ayoyi. Larabawa da kansu lambobin Hindu suke kiransu har gobe.

Ga yadda abin ya faru. A shekarar 628 Miladiyya wani masanin taurari Bahinde, Barahmagubta, ya rubuta littafin da ya shimfiɗa ƙa'idojin aiki da sifili. A zamanin Halifa Mansur wani masani daga Hindu ya iso Bagadaza da littafin falaki, Halifa ya yi umarni a mayar da shi Larabci, al-Fazari ya yi aikin, aka san shi da Sindhind. Kalmar da Hindawa ke faɗa wa wofi ita aka fassara da sifr, mu kuma muka ce sifili. Sai Muhammadu ɗan Musa al-Khawarizmi ya zo ya wallafa littafi sukutum kan hisabin Hindu, wajejen 825. Abin da muke so mai shubuha ya tsaya a kansa shi ne, wannan malami a littafinsa na aljabara ya ware babban kaso ga mas'alolin wasiyya da rabon gado. Shin shi ma za a ce ya bi masu gumaka?

Al-Biruni ya wuce nan. Ya koyi Sanskiriti, harshen malamansu, ya zauna da su, ya rubuta littafinsa kan Hindu wajejen 1030. Ya kawo aƙidunsu kamar yadda suke faɗinsu ba tare da ya yi musu ƙage ba, ya yaba lissafinsu inda ya inganta, ya kuma zarge su da cakuɗa shi da tatsuniya. Wannan shi ne tahƙiƙi, kuma tauhidinsa bai girgiza ba.

Ba muna cewa duk abin da aka jingina wa tsohuwar Indiya gaskiya ne ba. A 2015, a taron masana kimiyya na ƙasar a Mumbai, an tashi an ce kakanninsu sun ƙera jiragen sama tun dubban shekaru, masanan Indiya da kansu suka yi watsi da zancen don babu hujja.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne abin da mu muka zaɓa. Fim ɗin Indiya ya shiga kowane gida ba a ce uffan ba. Ɗan tsibbu ya baza zobe da turare a kasuwa yana cewa asirin Indiya ne, ana rububi. Wannan, wanda shirka ce ƙarara, an karɓa, sai hisabi ne za a yi wa takawa! Alhali muna zaune kusa da Sifawa, inda Shehu Usmanu ya karantar har 1815, da Boɗinga ta Malam Abdullahi, amma mutum ya rasu ya bar gona da mata biyu da 'ya'ya mata, a rasa mai fitar da tumuni a raba saura, gado ya kwana shekaru, haƙƙin marayu ya narke a hannun baffanni.

Muna kira ga shugabannin makarantun Islamiyyarmu na ƙasar Shagari da Boɗinga da su sanya darasin hisabi kafin yaro ya kai babin mirasi a Risala, su nemi malamin lissafi na firamare ya riƙa zuwa ko da sau biyu ne a mako bayan La'asar, a biya shi daga asusun makaranta.