Abin da Mai Hoton Biki Ya Koya Mini Game da Rubutu



A bikin ƙanwata, 'yar Baffana, da aka yi a Birnin Tsaba, masu hoto biyu ne suka yi aiki. Na farko dangin ango ne suka ɗauko shi daga Gusau, da fitilu da ƙatuwar kyamara. Shi ne mai cewa, "Ku matso, Hajiya ɗaga kai, amarya yi murmushi." Na biyu abokina ne da muka yi difloma tare a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda. Shi bai ce wa kowa ya gyara tsayuwa ba. Ya nemi izinin masu gida, ya raɓe a gefe har aka manta da shi.

Da hotuna suka fito, na ɗan Gusau aka rataye a bango. Amma na abokina ake ta karɓar waya ana sake kallo. Akwai guda biyu da ba na mantawa. Ɗaya Baffa ne a zaure bayan an tafi kai amarya, hularsa a hannu, ya zuba wa ƙofa ido. Ɗayan kuma mahaifiyar amarya ce. Yarinyar 'yar farinta ce, ba ta taɓa kiran sunanta ba saboda alkunya, ko ƙofar gida ba ta rako ta ba. Sai ga ta a bakin ɗaki tana riƙe da tsohon silifas ɗin 'yarta.

Ra'ayina shi ne, da yawanmu irin mai hoton farko muke rubutu. Amaryarmu kullum fara ce mai dogon hanci, lefenta akwati goma sha biyu. In aka zo rabuwa, sai mu ce "ta fashe da kuka mai tsuma zuciya", mu wuce. Mun jera mutanen labarinmu, mun umarce su su yi murmushi ko su yi kuka. Alhali Bahaushe ba kasafai yake bayyana abin da ke ransa a gaban jama'a ba. Kara da kunya suna tura shi ga hannu, ga shiru, ga wani aikin da ba ya bukatar yi. Wanda bai iya jira ya kalla ba, ba zai gan shi ba.

Wani zai ce ai hoton a-tsaya-a-gyara ma yana da daraja. Gaskiya ne. Seydou Keïta na Bamako a ƙasar Mali da irinsa ya yi suna a duniya, domin mutum na da haƙƙin a gan shi cikin kwalliyarsa. Amma a wannan birnin dai, Malick Sidibé ya riƙa bin bukukuwan matasa da kyamararsa a shekarun 1960, yana kama su suna tsakiyar rawa, har aka ba shi babbar lambar yabo a baje kolin fasaha na Venice a Italiya a 2007. Kowanne da muhallinsa. Matsalarmu ita ce mun riƙe ɗaya mun saki ɗaya.

Sai dai akwai sharaɗi, shi ne amana. Wanda aka ɗauka bai shirya ba, a hannunka mutuncinsa yake. Abokina bai tura hoto ko ɗaya ba sai da ya nuna wa masu shi. Wata gwaggonmu da mayafinta ya zame ta ce a goge, ya goge nan take, ko da yake hoton ya yi kyau ƙwarai. Hotunan lefe da gwala-gwalai kuwa ya ƙi sa su a Facebook. Duk wanda ya zauna a yankin Zurmi da Shinkafi ya san dalili. Mun ga 2021, lokacin da aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako saboda 'yan bindiga. A nan, tallata dukiyar gida na iya jawo wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa.

Haka marubuci yake. In ka ɗauko labarin maƙwabciyarka, ka sauya suna da gari da duk alamar da za ta tona ta. Ni ma sai da na nemi yardar Baffa da matarsa kafin na rubuta wannan.

Ga aikin wannan mako. A biki ko sunan da za ka halarta nan gaba, ka ajiye waya, ka zaɓi mutum ɗaya wanda ba shi ake yi wa taron ba. Ka rubuta layi biyar a kansa, ba tare da kalmar "kuka", "farin ciki" ko "baƙin ciki" ba. In mai karatu ya gane halin da yake ciki, to ka fara gani.

Allah ya ƙara mana basira, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara.